Maganin da Baba Ya Nema a Hannuna

Babana bai taɓa fahimtar aikin da nake yi a Khartum ba, amma babu wanda ya kai shi yi wa mutane bayaninsa. Wakilin gona ne shi, shekara da shekaru yana tsaye a kan gonar wani attajiri a wajen Basunda, nan yankin Gadarif, irin manyan gonakin riɗi da dawa da ake shukawa da tarakta, a yanke da hannu. Shi ke ɗauko masu yanka, shi ke raba musu fili, shi ke shan zaginsu da na mai gona. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso da niyyar hajji, baƙar lakar Gadarif ta riƙe musu ƙafa, suka zauna. Mu a nan muka buɗe ido, Hausa a cikin gida, Larabci a waje. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kira na, ko da faɗa zai yi mini.

Ni kaɗai ce cikin 'ya'yansa na kai jami'a. Na karanta kimiyyar sinadarai, da na zauna digiri na biyu sai aka ba ni aiki a kan maharaib. Duk wanda ya tashi a nan ya san ta: ciyawa ce mai ƙamshi, ana sayar da busasshiyarta ƙulli-ƙulli a kasuwa, in ciki ya murɗa a dafa a sha. Mu ba dafa ta muke yi ba, turara ta muke yi. Tururin ya bi ta bututun gilashi ya huce, sai wani ɗan mai ya taso a saman ruwan, ka turara dami guda ka samu abin da bai cika ɗan kofin jabana, gahawar da muke sha, ba. Man nan yana da ƙarfi, in ya taɓa harshe sai ka ji kamar ka lashi wuta. Matsalarsa ita ce ba ya shiga ruwa, jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne. Aikina shi ne in farfasa shi. Nakan haɗa shi da ruwa da wani sinadari mai hana su rabuwa, in sa a wata na'ura mai girgiza ruwa da ƙarfin sauti, har man ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigon da ko madubin gwajin jini na asibiti ba ya ganinsu. Da farko haɗin fari ne kamar madara, in ya yi kyau sai ya washe, ya yi wani shuɗi-shuɗi in an ɗaga shi a haske. Wannan ƙanƙantar ita ake ce wa nano. Daga nan sai in ɗiga shi a kan ƙwayoyin saratan, wato ciwon daji, waɗanda muke kiwo a ƙananan farantai cikin wani akwati mai ɗumi, in jira in ga abin da zai faru.

Da yawa daga cikinsu sun mutu. Ranar da na fara ganin haka, ban iya cin abinci ba don murna. Da na zo gida hutun Sallah, muna zaune a rumfar tsakar gida, Inna tana soya bunni, 'ya'yan gahawa, don jabana, sai na ba Baba labari.

Ya ajiye kofinsa ya ce, "Maharaib ɗin nan tamu? Ta kashe saratan?"

Na ce, "A faranti, Baba. Ba a jikin mutum ba. Ko a jikin ɓera ma ban gwada ba tukuna. Abubuwa da yawa suna kashe ƙwaya a faranti, in an kai su jikin mutum su zama banza, ko ma su zama guba."

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Gubar da ta kashe ɓera a rumbu ba za ta kasa kashe shi a ɗaki ba. Ke dai kina da kunya, kamar mai sunanki."

Kafin in koma Khartum, duk masallacin unguwa sun ji cewa 'yar wakili ta gano maganin saratan, takarda kawai ake jira. Tsofaffi suka fara kira na Diktora. Duk wanda na gyara masa zancen sai ya yi murmushi ya ce Allah ya ƙara tawali'u.

Sai yaƙi ya ɓarke. Na fito daga Khartum da jaka guda a cikin bas ɗin da ya fi ƙarfin kujerunsa. Daga baya wata abokiyar aikina ta gaya mini cewa wuta ta ɗauke a ɗakin gwajinmu tun farko-farko, ƙwayoyin da muke ajiye cikin sanyi suka lalace, na'urorin kuma ba a san inda suka yi ba. Ban yi kuka a kan haka ba, don a lokacin mutane ake binnewa a bakin titi. Gidanmu na Gadarif ya cika da dangi masu gudun hijira, har a rumfa ana kwana.

Cikin wannan cunkoso na lura Baba ya daina cin abinci tare da maza. Ya riga ya bar aikin gona, ƙafa ta gaji. Shi kaɗai yake zama a ɗakinsa na ciyawa, ya jiƙa kisra, siririyar wainar dawa, a miya har ta zama kamar kunu, ya kai loma, ya bi ta da ruwa, ya tsaya yana dafe ƙirji. Na tambayi Inna, ta ce tun yankan riɗin bara ya bar nama, wai ba ya wucewa. Ta ɗauka haƙori ne.

Da ƙyar na ja shi asibiti. Aka zura masa wata siririyar roba mai ido ta baki, aka ciro ɗan nama aka kai gwaji. Likitan da ya gaya mana sakamakon shi ma ɗan gudun hijira ne, idanunsa jajur don rashin barci. Ya ce saratan ne, ƙulli ya tsiro a hanyar abinci, kuma ya yi nisa. Bai yi mana alkawarin warkewa ba. Ya ce in aka fara ƙarin ruwa na kimawi, maganin da ake ba masu wannan ciwo ta jijiya, ƙullin zai iya raguwa, Baba ya koma haɗiye abinci, ya samu lokaci mai daɗi tare da iyalinsa. In hanya ta yi kyau kuma, akwai asibitin da ake gasa ƙullin da haske a can arewacin ƙasar.

A cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, muna komawa gida, ni ina haɗiye hawaye, Baba kuwa fuskarsa a sake. Ya dafa gwiwata ya ce, "Uwata, me kike wa kuka? Dubi ikon Allah. Tun kafin ya saukar mini da ciwon, ya riga ya ajiye maganin a gidana."

Washegari da hantsi na fito na tarar da tulin maharaib a tsakar gida. Ya aika kasuwa an kwaso masa, har da wadda wani abokinsa ya ce ta wajen Shuwak ce, ta fi ƙarfi. Duk gidan ya ɗauki ƙamshi. Yana zaune a kan gadon igiya, ya nuna tulin da sandarsa.

"Ga ciyawa. Me ya rage?"

Na durƙusa a gabansa na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce babu na'ura, babu sinadarin, babu wurin aunawa. Na ce ko da duk suna nan, ban san adadin da jikin mutum zai ɗauka ba, ban san abin da zai yi wa hanta da ƙoda ba, ban san ko zai isa wurin ƙullin ba. Na ce man nan tsantsarsa zai iya ƙona maƙogwaron da ya riga ya yi rauni. Na ce masa kafin abu irin wannan ya zama magani, sai an gwada a ɓeraye, sannan a mutane kaɗan, sannan a mutane da yawa, shekaru ake yi, kuma yawanci a hanya yake faɗuwa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ni ne ɓeran. Gwada a kaina. Na yafe miki jinina duniya da lahira, a kira liman ya shaida."

"Baba, ba haka ake yi ba."

"Wa ya ce? Wanda ya ce ba haka ake yi ba, ubansa ne a kwance?"

Na miƙe na bar wurin. Inna ta same ni a madafa da rana, ta rage murya ta ce, "Ke 'yar nan, ki dama masa ko mene ne mana, ki ce shi ne. Hankalinsa kawai zai kwanta." Na ce mata in na ba shi wani abu da hannuna na ce magani ne, to shi da asibiti har abada. Ta dube ni ta ce, "Karatu dai." Ta ci gaba da yanka albasa.

Saboda nacina ya yarda aka yi masa kimawi sau ɗaya. Wurin ya cika da marasa lafiya daga garuruwan da yaƙi ya ci, wasu a ƙarƙashin bishiya suke kwance da tabarminsu. Ma'aikatan suna iya ƙoƙarinsu, amma ruwa ya fi ƙarfin gari. Ƙarin ruwan ya kayar da shi warwas. Ya yi ta amai, bakinsa ya yi gyambo, mutumin da ya saba tsayuwa a rana tun safe har la'asar sai da aka riƙe shi zuwa bayan gida. Da lokacin na biyu ya zo, aka ce maganin bai iso ba, hanya ta rufe, a ɗan jira. Baba ya ce, "Halas, shi ke nan. Allah ne ya tsare ni."

A nan ɗan baffana ya shigo zancen. Yaya nake ce masa, don ya girme ni, kuma a hannun Baba ya tashi bayan rasuwar nasa uban. Yana da ɗan shago a kasuwa, yana sayar da turaren wuta da habbatussauda da man riɗi da zuma. Ba zan ce ba ya son Baba ba. Shi ne yake ɗaukarsa a kafaɗa, shi yake nemo ƙanƙara a ranakun da babu wuta, shi yake yi masa aski. Wata rana da la'asar muna shan shayi ya ce, "Diktora, ni fa ina mamakin aikin nan naku. Yaya ake mai ya zauna cikin ruwa?" Na ɗauka tambaya ce ta mai son sani, ga shi na daɗe ban samu wanda ya tambaye ni aikina ba tare da roƙo ba. Na gaya masa. Har na ce ƙaro ma, wanda ake ɗiba a jikin bishiya, yana riƙe mai cikin ruwa, shi ya sa masu lemon kwalba suke sayensa.

Ba a daɗe ba ya shigo da wata ƙaramar kwalba, abin ciki fari kamar nono. Ya dafa maharaib, ya zuba man habbatussauda da ƙaro, ya markaɗa a injin da ake markaɗa lemo. Ya miƙa wa Baba da hannu biyu ya ce, "Baffa, ga nano. Yadda Diktora ta faɗa na bi."

Na ce, "Yaya, wannan ba shi ba ne. Ko kusa."

Baba bai ko dube ni ba. Ya yi bismilla ya sha cokali guda, ya yi gyatsa, ƙamshin ciyawar ya fito. Ya ce ya ji abin yana sauka yana buɗe hanya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya gama da ni. Bayan ɗan lokaci Baba ya fara haɗiye abinci. Ya sha kunu bai dafe ƙirji ba, sannan ya ci tuwo mai laushi, rannan har ya nemi a ba shi ɗan nama da aka daka. Inna ta yi sadakar waina. Na ruga wurin likita na gaya masa, ya ce ai aikin kimawin ne ya fara bayyana, ƙullin ya ɗan janye, kuma ga maganin ya iso, yanzu ne ya kamata a ci gaba kafin ya dawo. Na zo gida da gudu na faɗa wa Baba.

Ya yi dariya. "Abin da ya sa ni amai kamar zan fitar da hanjina, shi ne ya buɗe mini wuya? Wanda na sha na ji daɗi kuma shi ne ƙarya? Kai, karatu ya iya juya magana."

Daga ranar ya daina ce mini Uwata. Ya koma kira na Diktora, kamar mutanen waje, yana jan kalmar. In masu dubiya sun zo, tsofaffin abokan aikinsa na gona da mutanen masallaci, sai ya ɗaga kwalbar ya nuna musu. "Na aika tawa karatu har Khartum, ta dawo mini da ba ya yiwuwa. Wannan yaron da bai ga ƙofar jami'a ba, da kunne kawai ya ji, ga shi ina cin tuwo." Ni kuma ina tsaye da tiren shayi, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina zuba musu sukari.

Mutane suka fara zuwa shagon Yaya. Garin ya cika da marasa lafiya da ba su da inda za su, kowa kuma ya ji labarin wakilin da saratan ya toshe wa wuya yanzu yana cin nama. Na je kasuwa na gani da idona. Kwalabe a jere a kan kanta, kowacce da 'yar takarda an rubuta da Larabci cewa man nano ne na maharaib, bisa binciken Diktora. Na jira har wata tsohuwa ta karɓi nata ta tafi, sannan na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Mutanen nan za su bar asibiti saboda kai."

Bai yi fushi ba. Ya jawo mini kujera, na ƙi zama. Ya ce, "Wane asibiti? Wanda ake kwana a ƙarƙashin bishiya? Ke kin ba Baffa gaskiya, ya kwanta yana amai. Ni na ba shi abin da zai sa a baki ya ce bismilla, ya tashi ya ci tuwo. Ciyawa ce da habbatussauda, wa suka taɓa kashewa?"

"Ba su za su kashe su ba. Jiran da za su yi ne zai kashe su."

"To ke me kike da shi da za ki ba su?"

Na ce ya cire ni daga takardar, ko in tsaya a bakin shagon in yi ta ihu. Ya cire. Babu abin da ya canza, don kowa ya san 'yar wa ce Diktora, kuma ya san ɗan wa ne mai shagon.

Da damina ta kankama, lakar unguwa ta hana raksha shigowa, wuyan Baba ya sake rufewa. Tuwo ya fara tsayawa, sannan kunu, sannan shayi. Aka ajiye masa gwangwani kusa da gado yana tofa yawu, don ko yawun ba ya wucewa. Yaya ya ƙara masa yawan cokali, man ya rinƙa sarƙe shi, ya yi ta tari har idanunsa su kawo ruwa. Na roƙe shi mu koma wurin likita. Muka ɗauke shi a kan gadon igiya har bakin kwalta. Likitan ya duba shi, ya fito da ni waje, ya ce jikin ya yi rauni, yanzu ba zai iya ɗaukar kimawi ba. Ya rubuta maganin rage zafi da ruwan da za a rinƙa ƙara masa a gida.

Ni na yi jinyarsa. Dangin da suka cika gidan sun fara watsewa, Inna kuma ba ta iya kallon ƙasusuwansa. Ni nake jiƙa auduga in shafa masa a leɓe, ni nake juya shi, ni nake zubar da gwangwanin. Yana barin hannuna ya taɓa shi, amma idonsa kullum yana kan rufin ciyawa. Na ɗauka yanzu da kwalbar ta kasa, zai gane abin da nake faɗa tun farko. Ashe shi wani lissafi dabam yake yi.

Wata safiya bayan an ɗauke ruwan sama, na gama goge masa fuska, sai ya kama wuyan hannuna. Muryarsa ta zama kamar iska a cikin kara.

Ya ce, "Na yaron nan kwaikwayo ne. Shi ya sa ya yi aiki ya tsaya. Na ainihin yana wurinki."

Na ce, "Baba, wallahi babu shi. Ba a yi shi ba tukuna. Da akwai, da na ba ka tun ranar farko."

"Ko yanzu ba za ki ba ni ba?"

"Babu, Baba."

Ya daɗe yana kallona, karon farko cikin watanni. Sannan ya saki hannuna ya ce, "To, riƙe abinki." Ya juya fuskarsa ga bango. Bai ƙara yi mini magana ba. Ya yi wa Inna magana, ya sa wa Yaya albarka, ya yi ta salati. Ranar wata Juma'a kafin a tafi masallaci ya cika.

A zaman makoki na ji abin da ake faɗa, don mata ba sa rage murya yadda suke zato. Wata ta ce ai irinmu rantsar da mu ake yi a jami'a, kada mu fitar da magani sai Turawa sun yarda. Wata ta ce jira nake yaƙi ya ƙare in sayar. Wata gwaggona ta ce Allah ya yi wa ɗan marigayi baffa albarka, shi ya sa bawan Allah ya ci nama kafin ya koma ga Ubangijinsa. Inna tana jin su, tana jan carbi, ba ta ce musu e ba, ba ta ce a'a ba. Har yau ban tambaye ta wane ɓangare take ba, muna cin abinci a kwano ɗaya dai.

Cikin masu ta'aziyya akwai wata mata daga garin Hawata, mijinta ya daɗe yana yankan riɗi a ƙarƙashin Baba. Ba ta wuce sa'ata ba, tana da goyo. Ta faki idon mutane ta ja ni bayan ɗaki, ta buɗe mayafinta, ta kama hannuna ta ɗora a kan nononta na hagu. Na ji wani ƙulli kamar ƙwallon kurna, mai tauri, ba ya mata zafi.

Ta ce, "Diktora, don Allah don Annabi. Ni ba zan gaya wa kowa ba. Na ainihin nake so."

Na riƙe hannunta da hannu biyu. Na ce mata ni ba likita ba ce, kuma babu wani na ainihi. Amma na ce irin wannan ƙulli, in an same shi yana ƙarami haka, likitoci suna cirewa mutum ya rayu ya aurar da 'ya'yansa, kuma watakila ma ba mugun ba ne, gwaji ne zai nuna. Na ce na san likitan, zan kai ta da kaina, zan tsaya mata a layi. Ta tambaya ko za a yanke mata nonon. Na ce ban sani ba, sai an duba. Ta gyara goyonta, sannan ta ce to. Muka yi da ita za mu haɗu a ƙofar asibiti da safe.

Na je na tsaya kusa da mai sayar da shayi. Duk matar da ta sauko daga raksha da goyo sai in miƙe. Har rana ta take, mai shayin ta kwashe kujerunta, ba ta zo ba. Da na koma gida aka ce mini ai tun da sassafe suka hau motar Hawata, sun biya ta kasuwa sun yi sayayya.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji, ina duba jinin masu zazzaɓi. Wani lokaci abokiyar aikina ta dā, wadda ta samu ta fita ƙasar waje, takan turo mini abin da masu bincike suke rubutawa a kan man tsirrai da nano. Aikin yana tafiya, a faranti da ɓeraye. Ban daina tsammanin wata rana wani abu zai fito daga ciki ba, amma nakan daɗe ban buɗe saƙon ba. Shagon Yaya ya haɗe da na maƙwabcinsa, ya sa gilashi a gaba. Duk Juma'a yakan zo gaida Inna da ledar lemo, ya ce mini, "Diktora, ya aiki?" in ce alhamdu lillahi.

Kwanakin baya mijin matar nan ya shigo Gadarif, ya biyo ya gaida Inna. Leda tana hannunsa, ina jin kwalabe suna karo da juna a ciki. Ya durƙusa ya yi wa Baba addu'a, sannan ya juyo gare ni ya ce Allah ya saka wa gidan nan da alheri, zuri'ar wakili ba su taɓa barin talaka ba.

Na ce, "Ya mai jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi sosai. Abin ya girma, ya fashe, yana ta zubar da ruwa. Mai magani ya ce alama ce ciwon yana fita."

Na ce ya kawo ta yau, ko gobe da asuba, kada ya ƙara kwana. Na gaya masa ba fita ciwon yake ba, ci yake yi. Na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Larabci. Ya sunkuyar da kai yana cewa in sha Allahu, in sha Allahu, cikin ladabi. Ya ce riɗi ya nuna, in aka yi sakaci zai zube a ƙasa, ita ce kuma mai dafa wa masu yanka abinci, amma da zarar an gama zai kawo ta. Ya shanye jabanar da Inna ta zuba masa, ya ɗauki ledarsa, ya ce bari ya hanzarta kada motar Hawata ta tashi ta bar shi.